Idan rumbun kwamfuta ya cika: Abin da za ku goge da abin da ba za ku taɓa ba

Duk wanda ya ratsa kasuwar Madawa, ko bakin tasha a kan babbar hanyar da ta taso daga Birnin Konni zuwa Maraɗi, zai ga matasa zaune ƙarƙashin rumfa, kwamfuta a gaba, wayoyi uku ko huɗu jone a jikinta. Aikinsu shi ne tura wa jama'a fina-finan Hausa, fassarar Indiya, waƙoƙi, karatun Alƙur'ani da wa'azi. Haka abin yake a Buza da Keita da Tamaske, har da ƙananan garuruwa irin su Bangi da Sabon Gida. A wajen waɗannan matasa, rumbun ajiyar kwamfuta, wanda mutanen Nijar ke kira dis dur, shi ne shago, shi ne kuma jari.

Ba su kaɗai ba ne. Akwai mai ɗaukar bidiyon biki, da ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da mai shagon buga takardu, da ɗan kasuwar da ke ajiye lissafin buhunan albasar da ya loda zuwa Abijan ko Akara. Dukkansu rana ɗaya suke tsoro: ranar da layin da ke nuna filin rumbu zai rikiɗe daga shuɗi zuwa ja, kwamfuta ta fara jan ƙafa, ta ƙi karɓar ko da hoto ɗaya.

A irin wannan rana ake tafka asara, kuma galibi gaggawa ce ke jawo ta. Abokin ciniki na tsaye a kai, mutum ya ga wata babbar folda, ya danna gogewa. Sai bayan mako guda amarya ta aiko a tura mata bidiyon bikinta, a nema a rasa. Fim ɗin da aka goge ana iya samo shi wajen maƙwabci, amma muryar mahaifin da ya rasu ko hoton ranar suna, idan suka tafi sun tafi ke nan.

Me ke cinye filin?

Da farko akwai wani zargi da ya kamata a wanke masu sayar da kaya daga gare shi. Mutum ya sayi rumbu mai giga 500, ya jona, ya ga Windows ta nuna kusan 465, sai ya ce an cuce shi. Ba cuta ba ce, bambancin ƙirga ne. Kamfanonin da ke ƙera rumbu suna lissafin giga ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif, ita kuwa Windows tana ƙirga shi a matsayin bait 1,073,741,824. Shi ya sa rumbu mai tera ɗaya ke fitowa da kusan giga 931. Daga nan kuma Windows ɗin kanta da manhajojin da aka ɗora za su ɗebi nasu rabon, wanda kan kai giga 20 zuwa 40.

Sauran filin kuwa, kusan kullum bidiyo ne ke cinye shi. Minti ɗaya na bidiyo mai kyau da aka ɗauka da wayar zamani kan ci tsakanin mega 60 zuwa 130. Ke nan awa ɗaya ta kamun amarya za ta iya cin giga 4 zuwa 8, kuma biki ba ya ƙarewa a awa ɗaya. Fim guda da aka matse shi daidai kallon waya kan kai kusan giga ɗaya. Shiri mai dogon zango, irin wanda ake fitarwa kashi-kashi duk mako, shi kaɗai zai iya lashe giga masu yawa idan aka tara shi tun daga kashin farko.

A ɗaya ɓangaren, kundin ɗalibi mai shafi 100 da babu hotuna da yawa a ciki, da wuya ya wuce mega biyu ko uku. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai ko rabin mega ba. Wannan lissafi yana da muhimmanci, domin mutane da dama idan rumbu ya cika sai su bi takardu da ƙananan hotuna suna gogewa ɗaya bayan ɗaya. Su yini suna aiki, su yi asarar abin da ke da amfani, filin kuma bai motsa ba. Goge fim ɗaya da aka gama kallo ya fi goge takardu ɗari biyar samar da fili.

Don a ga yadda zamani ya sauya: rumbun kwamfuta na farko da kamfanin IBM ya fitar a Amurka a 1956 yana ɗaukar haruffa miliyan 5 ne kawai, nauyinsa kuma ya kai kusan tan ɗaya. Hoto guda na wayar yau zai iya cika shi.

Saƙon 'yan ci-rani

Yankin Adar, inda Buza da Keita suke, ya daɗe da suna wajen tafiya ci-rani. Da an gama aikin damina, samari kan nufi Najeriya, Kwaddibuwa, Gana, Kamaru, Libiya ko Aljeriya, wasu su yi watanni, wasu shekaru. A da, wasiƙa da kaset ke haɗa su da gida. Yanzu WhatsApp ne.

Wannan zumunci na da nauyinsa. Kowane gari na da zaurensa na WhatsApp, kowace zuri'a na da nata, ga na 'yan makaranta ɗaya, ga na 'yan kasuwa. Bidiyo ɗaya na wa'azi ko na kokawar gargajiya zai iya shigowa waya ɗaya ta zaure biyar, kowanne kuma ya zauna da kansa. Idan waya ta cika, sai a kai wa mai kwamfuta ya kwashe komai. Bayan wata uku a sake kwashewa, a wata sabuwar folda, tare da duk abin da aka riga aka kwashe a baya. Haka rumbu ke cika da abu ɗaya sau uku ko huɗu.

Maganin wannan daga wayar yake farawa. A cikin saitin WhatsApp akwai sashen kula da ma'ajiya, wanda ke ware fayilolin da suka haura mega 5 da waɗanda aka yi ta turawa sau da yawa. Daga nan za ku iya goge su a dunƙule. Sannan ku kashe saukar da bidiyo kai tsaye, ta yadda sai wanda kuka zaɓa zai shigo. Wannan zai rage muku cin fili, ya kuma rage kuɗin da kuke kashewa wajen sayen mega a Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms.

Dalilin da ya sa kwamfuta ke jan ƙafa

Windows ba ajiya kawai take yi a rumbu ba, a cikinsa take aiki. Idan ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wato RAM, ta cika, sai Windows ta ari wani yanki na rumbu ta riƙa sauke kaya a ciki. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ake kawowa yankin daga kasuwannin Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Legas suna da RAM mai giga 4 ko 8, don haka suna yawan buƙatar wannan aro. Idan babu fili, sai komai ya tsaya cak. Manhajar rubutu na iya kasa ajiye aikin da aka yini ana yi, sabunta Windows kuma ya ƙi kammaluwa.

Layin nan yana zama ja ne idan filin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Abin da ya fi shi ne kada a bari a kai nan. A rumbu mai giga 500, a bar aƙalla giga 50 zuwa 70 babu komai.

Masu ƙananan kwamfutocin nan marasa nauyi da ke zuwa da ma'ajiya mai giga 32 su ne suka fi shan wahala, domin Windows kaɗai ta kusa cika su. Windows 11 ma ba ta hawa kan abin da bai kai giga 64 ba. Ga shi kuma tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, wadda har yanzu kwamfutoci da yawa a yankin ke aiki da ita.

A duba kafin a goge

Manomin albasa a Kwarin Tarka idan ya buɗe rudu, ba ya kwashe komai ya zubar don ya ji wari. Yakan bi a hankali ya tsince ruɓaɓɓun, ya bar masu kyau. Haka ake yi wa rumbun kwamfuta.

Mataki na farko shi ne sanin inda nauyin yake. Kwamfutocin Nijar galibi da Faransanci suke, na Najeriya da Gana kuma da Turanci, don haka za mu ambaci sunayen duka biyun. Ku shiga Paramètres, sai Système, sai Stockage. A ta Turanci, Settings, System, Storage. A nan Windows za ta nuna muku giga nawa manhajoji suka ci, nawa bidiyo ya ci, nawa kuma fayilolin wucin gadi suka ci.

Wanda ke son ganin abin dalla-dalla zai iya amfani da ƙananan manhajoji irin su WinDirStat, WizTree ko TreeSize Free. Suna jera folda-folda daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi. Sau da yawa a nan mutum ke gano wata tsohuwar folda mai giga 60 da ya kwashe daga wayar wani tun shekara biyu da suka wuce, ya manta da ita.

Bayan haka sai a raba kayan gida uku. Kashi na farko, abin da ba a iya samun sa a ko'ina: bidiyon biki da suna, hotunan iyali, muryoyin 'yan uwa, takardun makaranta, takardun gona da fili, lissafin kasuwanci. Kashi na biyu, abin da ana iya sake samu amma da wahala ko da kuɗi, kamar tsofaffin fina-finai da karatuttukan malamai da ba su yawo sosai. Kashi na uku, abin da ke hannun kowa. Gogewa daga kashi na uku take farawa. Kashi na farko kuwa ba a taɓa shi sai an tabbatar akwai kwafinsa a wani wuri.

Sharar da ba ta da amfani

Akwai filin da za ku iya samu ba tare da kun taɓa ko hoto ɗaya naku ba.

Na farko, kwandon shara, wato Corbeille ko Recycle Bin. Mutane da yawa ba su san cewa abin da suka goge yana nan zaune a cikinsa yana cin fili ba. Ku buɗe, ku duba ko akwai abin da ya faɗa bisa kuskure, sannan ku zubar.

Na biyu, foldar Téléchargements ko Downloads. A nan ake samun manhajojin da aka sauke aka riga aka ɗora, da fayil ɗaya da aka sauke sau uku saboda intanet na yankewa. Amma ku bi ta da ido, domin ɗalibai da yawa a nan suke barin takardunsu masu muhimmanci.

Na uku, fayilolin wucin gadi. Windows na da mai shararta, Nettoyage de disque ko Disk Cleanup. Idan kun buɗe shi, ku danna maɓallin da ke tsabtace fayilolin tsarin kwamfutar, domin a nan manyan suke: ragowar sabuntawar da aka riga aka yi, da tsohuwar Windows da ake ajiyewa a folda mai suna Windows.old bayan an ɗora sabuwa. Wannan folda kaɗai kan kai giga 10 zuwa 20 ko fiye. Windows kan goge ta da kanta bayan kwana 10, amma a kwamfutocin da aka sake wa Windows a shagon gyara, wani lokaci takan zauna. Ku leƙa cikinta tukuna, domin tsofaffin takardun mai kwamfutar na iya kasancewa a can.

Na huɗu, manhajojin da ba a amfani da su. Kwamfutar gwanjo kan zo da wasanni da manhajojin zane masu nauyi waɗanda mai sayarwa ya ɗora don jan hankali. A cire su ta hanyar saitin manhajoji, ba ta goge foldarsu da hannu ba.

Na biyar, abu ɗaya da aka ajiye sau da yawa. Manhajar dupeGuru, wadda kyauta ce, tana zaƙulo fayiloli masu kama ɗaya ko da sunansu ya bambanta. Ga masu turi, wannan kaɗai na iya dawo da giga masu yawa.

Windows 10 da 11 suna da wani tsari mai suna Assistant de stockage ko Storage Sense, wanda ke yin wannan shara da kansa. Yana da amfani, sai dai ku lura da saitinsa: yakan zubar da abin da ya kwana 30 a kwandon shara, kuma idan aka ba shi izini zai taɓa foldar abubuwan da aka sauke. Ku bar wannan zaɓi na biyu a kashe.

Masu bidiyon biki kuma suna da wata dabara. Manhajar HandBrake, ita ma kyauta, tana matse bidiyo ya ragu sosai ba tare da ido ya ga wani babban bambanci a allon waya ba. Amma a matse kwafi, a bar na asali har sai an kalli sabon daga farko zuwa ƙarshe.

Inda ba a sa hannu

Akwai foldojin da girmansu ke jan ido amma taɓa su na kashe kwamfuta. Foldar Windows da duk abin da ke cikinta, musamman System32 da WinSxS, da Program Files, da fayil mai suna pagefile.sys, duk ba na gogewa da hannu ba ne. Wanda ya goge su zai samu fili, amma kwamfutar ba lallai ta sake tashi ba.

Haka nan a guji manhajojin da ke fitowa da jan rubutu suna cewa kwamfutarku na da matsala dubu, ku danna nan a gyara. Da yawansu talla ce, wasu kuma su ne ke shigo da cutar.

Akwai kuma wata cuta da duk mai turi ya san ta, wadda ake kira rakursi ko shotkot. Tana bin kile da katin memori daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Idan ta shiga, sai foldoji su koma 'yan alamomi masu kibiya, a buɗe a ga babu komai, alhali ma'ajiyar na nuna a cike take. Mutane kan ɗauka kayan sun lalace, su yi fomatin. Gaskiyar ita ce kayan na nan, ɓoye su aka yi. A fara kashe cutar da manhajar kariya, sannan a fito da ɓoyayyun fayilolin. Duk mai gyaran da ya san aikinsa zai yi wannan cikin 'yan mintoci da umarnin attrib.

Kwafa, ba yankewa ba

Idan shara ta ƙare fili bai isa ba, sai kwashewa zuwa wani rumbu na waje. A nan matsalar wuta ke shigowa. Kaso mai yawa na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa, kuma mutanen yankin ba su manta da watannin da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar har zuwa ɗage takunkumin CEDEAO a farkon 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta taimaka, amma ɗaukewar kuran har yanzu abu ne na yau da kullum, musamman a watannin zafi. Ga shi kuma batirin yawancin kwamfutocin gwanjo ya riga ya mutu.

Saboda haka ƙa'idar ita ce a kwafa, kada a yanke. Da Faransanci, Copier ba Couper ba. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafa, na asali na nan. Idan aka gama, a buɗe wasu daga cikin fayilolin a sabon wurin, a ja bidiyon zuwa tsakiya da ƙarshe a ga yana tafiya, a gwada yawan fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu. Sai an gamsu sannan a goge na farko. Kuma kada a fizge kile ko rumbu kai tsaye, a bi hanyar cirewa da Windows ta tanada.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne kile mai giga 32 da babu komai a ciki ta ƙi karɓar bidiyo mai giga 5. Ba cika ta yi ba. An tsara ta ne da tsohon tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya haura giga 4. Sai an sake mata tsari zuwa exFAT ko NTFS, kuma yin hakan na share duk abin da ke cikinta, don haka a kwashe tukuna.

Rumbun waje irin na da, mai faifai da ke juyawa a ciki, ba ya son faɗuwa, ba ya son girgiza yana cikin aiki, ba ya son zafi. Wanda ke yawo da shi a aljihu kan kabu-kabu tsakanin kasuwannin ƙauye, ya sani yana wasa da jarinsa. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, suna rage wa kwamfuta kwana. Idan rumbu ya fara wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, ko fayiloli suka fara ƙin buɗuwa, a kwashe kashi na farko nan take. Manhajar CrystalDiskInfo na nuna lafiyar rumbu kafin ya kai ga mutuwa.

Ga mai ɗan hali, mafita mai ɗorewa ita ce a sa wa kwamfutar sabon rumbu irin SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi sauri kuma ya fi jure girgiza. Tsohon kuma a saya masa gida mai igiyar USB ya koma rumbun waje.

Hattara da jabu

Kasuwannin yankin, kamar na sauran Afirka ta Yamma, cike suke da kile da katin memori na jabu. A jikinsu an rubuta giga 128 ko ma tera ɗaya, kwamfuta ma ta nuna haka, amma ainihin abin da suke ɗauka bai wuce giga 8 ko 16 ba. Haɗarin shi ne ba sa ƙin karɓar kaya. Za su yi ta karɓa suna nuna sunayen fayiloli, alhali abin da ya haura ƙarfinsu ya lalace. Mutum ya goge na asali da kwanciyar hankali, sai ranar da ya buɗe ya tarar da sunaye babu komai a ciki.

Araha fiye da kima ita ce alama ta farko. Gwajin da ya fi tabbas kuma shi ne manhajar H2testw, wadda ke cika ma'ajiyar da bayanai sannan ta karanta su don ta ga iyakar gaskiyarta. Yana ɗaukar lokaci, amma a yi shi kafin a damƙa wa sabuwar kile abin da ba a son rasawa.

Ajiya a intanet

Google na bai wa kowane mai adireshin Gmail giga 15 kyauta, waɗanda ake rabawa tsakanin saƙonni, Drive da Photos. Microsoft na ba da giga 5 a OneDrive, haka ma Apple a iCloud. Tun 1 ga Yunin 2021 Google ta daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka, kuma daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga cikin lissafin giga 15 ɗin.

Wannan fili bai isa fina-finai ba, ga tsadar mega da raunin intanet a ƙauyuka. Amma ya isa abin da ya fi daraja: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, fasfo, takardun shaidar karatu, kundin ɗalibi, da zaɓaɓɓun hotuna. Ga ɗan ci-ranin da ka iya rasa waya da jaka a hanya ko a hannun jami'an wata ƙasa, samun hoton takardunsa a intanet ba ƙaramin abu ba ne.

Sharuɗɗa biyu ne. Ku riƙe kalmar sirrinku da kanku, kada ta zauna a kan mai shagon da ya buɗe muku adireshin. Sannan ku riƙa shiga lokaci-lokaci, domin tun Disamban 2023 Google ta fara aiki da ƙa'idar da ta ba ta damar rufe asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Idan kun canza layin waya saboda kun canza ƙasa, ku sabunta lambar a asusun.

Masu ɗaukar hoto na duniya suna bin wata ƙa'ida da Ba'amurken nan mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. A Madawa, wannan na iya zama ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun waje, ɗaya kuma a kile wajen ɗan uwa a Tawa ko Yamai.

Idan an riga an goge

Idan kuskure ya faru, a fara duba kwandon shara. Idan babu, a daina amfani da rumbun nan take. Abin da aka goge ba ya ɓacewa a lokacin, Windows na ɗaukar wurinsa ne a matsayin fili, kuma duk sabon abin da aka zuba zai iya hawa kansa. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec kan dawo da fayiloli daga rumbu mai faifai da katin memori, muddin ba a ɗora su a kan rumbun da ake son ceto ba. A SSD kuwa damar ba ta da yawa, domin shi yakan share wurin da wuri.

Wannan yana da ɗaya fuskar. Tunda abin da aka goge na iya dawowa, to wanda zai sayar da kwamfuta ko katin memori ya sani cewa fomatin na gaggawa ba ya share sirrinsa. Windows na da zaɓin mayar da kwamfuta sabuwa tare da tsabtace rumbu gaba ɗaya, a yi amfani da shi. Haka nan mata da 'yan matan da ke kai waya a kwashe musu kaya, su tsaya a wurin, su tabbatar ba a bar kwafi a kwamfutar shago ba. Shi ma mai shago amana ce a hannunsa. Dokar Nijar ta yaƙi da laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci kan yaɗa bayanan da ke zubar da mutuncin mutum.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai bidiyon biki ya miƙa wa masu biki kwafinsu, ya gaya musu tsawon lokacin da zai riƙe nasa. Mai turi ya ware rana ɗaya a wata, wadda ba ta kasuwa ba, ya zauna ya tsince rumbunsa. Ɗalibi ya tura wa kansa kundinsa ta Gmail duk daren da ya ƙara shafi. Wanda ke nesa da gida kuma, a kiran da zai yi na gaba, ya tambayi wanda ke riƙe da hotunan iyali: a wuri nawa suke?